Sanyi da ƙarancin itace a Segedin: yadda ake fara aiki da sabon murhu

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa watan Fabrairu, iskar hunturu takan sauko ƙasar Kawar bayan ta ratsa hamada daga arewa maso gabas. Da rana mutum yana iya zama da riga ɗaya, amma da zarar rana ta faɗi sai rairayi ya saki zafin da ya sha, ɗari ya shiga har ƙashi. A garin Bilma, ranar 13 ga Janairu 1995, ma'aunin zafi ya sauka fiye da digiri 2 ƙasa da sifiri, wato sanyin da ke daskarar da ruwa. Ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Maraɗi ko Damagaram, malamin makaranta ne ko ma'aikacin gidan likita ko soja, yakan zo da shirin zafin rana, sai daren farko na hunturu ya koya masa cewa a hamada ma ana neman wuta.

Segedin tana can ƙarshen arewa na jerin garuruwan Kawar, cikin gundumar Bilma ta jihar Agadas, fiye da kilomita 100 arewa da Dirku. A nan hanya take rabuwa biyu: ɗaya ta nufi Madama da iyakar Libiya, ɗaya ta karkata zuwa Cirfa da tsofaffin garuruwan Jado. Matafiyi yana hango dutsen Zumri tun daga nesa, kafin ya ga kan dabino da ramukan gishiri da kufan tsohon gari wanda aka gina da ƙasa mai gishiri. Barebari da Tubawa ne mazauna wurin, arzikinsu kuwa dabino ne da gishiri da abin da hanya take kawowa. Ruwa yana kusa a ƙarƙashin ƙasa, amma na sama da wuya ya kai milimita 20 a shekara, wata shekarar ma ko ɗigo ba ya sauka. A wuri irin wannan, kowane ƙiraren itace da ya shiga wuta abu ne da aka sha wahala kafin a same shi.

Abin da ake ƙonawa a Kawar

A kudancin ƙasa, mace takan fita bayan gari ta samo sabara ko geza ko karan gero. A Kawar babu gonar gero, babu dajin da za a shiga. Makamashin gida yana fitowa daga jikin dabino: busasshiyar zarɓa, da gindinta mai kauri, da zaren da ke naɗe da kututture, da kututturen kansa in itacen ya mutu. Sai busasshen kashin raƙuma, da ɗan abin da aka samu na itatuwan ƙaya da ke tsiro a kwazazzabai, da gawayi ko itacen da motoci suke kawowa daga nesa da tsada.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da wani aikin da yake jiransa. Da zarɓa ake yin shinge da rumfa da rufin ɗaki. Kututturen dabino shi ne azarar gini. Kashin raƙumi taki ne ga ƴan lambunan da ke ƙarƙashin dabino. In an ƙone su, an cire su daga wancan aikin. Itacen ƙaya kuma da aka sare a hamada ba ya dawowa a zamanin wanda ya sare shi. Ayarin Abzinawa da ke zuwa ɗaukar gishiri a Fashi da Bilma tun daga watan Oktoba ya daɗe da sanin haka, shi ya sa raƙuma suke tasowa daga Abzin ɗauke da ciyawarsu da itacen girkin madugai, ana ajiye wani kashi a hanya domin komowa. Labarin itacen Tenere ma sananne ne: shi kaɗai ya tsaya a tsakiyar hamada tsakanin Agadas da Bilma, saiwarsa ta nutse fiye da mita 30 tana neman ruwa, ayari bayan ayari suka wuce ba wanda ya karya reshensa domin dafa shayi, har mota ta buge shi a 1973. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Inda zafin wuta yake tafiya

Murhun duwatsu uku shi ne gadon kowa, kuma yana da amfaninsa: ba a saye, yana karɓar kowace tukunya, yana ba da haske, ana jin ɗuminsa. Laifinsa ɓarna. Masu awo sun gano cewa, cikin kashi 100 na zafin da itace yake bayarwa a kan duwatsu uku, abin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Sauran yana bin iska, yana shiga ƙasa, yana tashi cikin hayaƙi. Hayaƙin nan kuwa itace ne wanda bai gama ci ba. Duk lokacin da murhu ya turnuƙe, wani kashi na abin da aka saya ko aka ɗauko a ka yana fita ta taga ba tare da ya dafa kome ba.

Ƙasashen sanyi sun sha wannan matsala kafin ƙasashen Sahel su waiwaye ta. A gidajen Turai da Amurka akwai murhun bango, wato wani rami da ake ginawa cikin bangon zaure, da bututun hayaƙi da ke fita ta saman rufi. Yana da kyan gani, amma shi ma yawancin zafinsa bututu yake bi. Wajen shekarar 1742 wani Ba'amurke mai suna Benjamin Franklin ya ƙera murhun ƙarfe domin rage wannan asara. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, mutanen Faransa da Amurka suka koma ga itace da yawa, sai wani irin murhu ya yaɗu: akwatin ƙarfe mai nauyi, mai ƙofar gilashi, wanda ake zurawa cikin tsohon murhun bango, a haɗa shi da bututu. Yana da ƴan ƙofofin iska da ake buɗewa ana rufewa. Mai kyau daga cikinsu yana riƙe kashi 70 ko fiye na zafin itace a cikin ɗaki. Hikimar ba ta da wuya: a killace wuta, a auna iskar da ke shigar mata, a sa zafi ya bi ta inda ake so kafin ya fita.

Wannan hikimar ce aka yi aiki da ita a Sahel bayan farin 1973 da na 1984, sa'ad da hukumomi suka ga dazuzzukan da ke kewaye da manyan garuruwa suna ƙarewa. A Nijar an mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace tun 1975. A tsakiyar shekarun 1980 aka yaɗa murhu mai tattalin itace iri biyu: na ƙarfe wanda aka sa wa suna Mai Sauƙi, maƙeran Yamai suka koyi ƙirarsa, da na laka mai suna Albarka, wanda mace take iya ginawa da hannunta. A 1992 doka ta kafa kasuwannin itace na karkara, domin mutanen ƙauye su riƙa kula da dajinsu suna cin moriyarsa. Murhu irin wannan, in an gina shi daidai kuma an yi aiki da shi daidai, yana rage wajen kashi ɗaya cikin uku na itacen da gida yake ci. Sharaɗin nan biyu su ne inda aka fi yin tuntuɓe. Murhu da yawa sun tsage tun makon farko, aka jefar da su bayan ɗaki, aka koma kan duwatsu uku ana cewa sabon abu ba shi da ƙarko, alhali kuwa wutar farko ce ta kashe su.

Wutar farko

Mai raƙumi ba ya ɗora wa ɗan taguwa cikakken kaya ranar da aka fara sa masa akala. Haka uwar gida ba ta ɗora sabuwar tukunyar ƙasa kan wuta mai ƙarfi. Sabon murhu ma sai an saba masa da wuta sannu a hankali, kuma akwai dalili.

Murhun laka, ko da bayansa ya bushe har ya yi fari, cikinsa yana riƙe da ruwa. In aka hura masa babbar wuta, ruwan nan yakan zama tururi, ya nemi hanyar fita da ƙarfi, ya tsaga bango. Ban da haka, gefen da ke fuskantar wuta yana buɗewa da zafi tun bayan yana da sanyi, sai su ja juna. Saboda haka, bayan an gama gini, a bar murhu ya sha iska a inuwa kamar mako ɗaya. A Kawar iska busasshiya ce ƙwarai, tana iya busar da fatar murhu cikin yini guda ta bar cikinsa ɗanye, don haka a rufa masa tabarma ko tsohon buhu a kwanakin farko. In ƴan tsage-tsage sun fito, a cike su da irin lakar da aka yi ginin tun ba a sa wuta ba.

Ranar wutar farko, ɗan zaren dabino da ƴan siraran ƙirare sun isa. A bar su su ci kamar minti 15, a ƙyale wuta ta mutu da kanta, murhu ya huce sarai. Kashegari a ƙara kaɗan, a ɗora ruwan shayi ko na wanka. Rana ta uku a yi girki mai sauƙi wanda ba ya daɗewa a wuta. Daga rana ta huɗu ko ta biyar ana iya ɗora tukunyar tuwo. Wanda ya ga tururi yana tashi daga jikin murhu a kwanakin nan kada ya damu, ruwan ciki ne yake fita ta hanyar da ta dace. Abin da ba a yi shi ne kashe wuta da ruwa a cikin murhu mai zafi, domin sanyin farat ɗaya yana fasa laka, yana kuma lanƙwasa ƙarfe.

Akwai wata matsala ta musamman ga Segedin da sauran garuruwan gishiri. Ƙasar da ake gina ɗaki da ita tana cike da gishiri da kanwa. Tana yin ƙarfi in ta bushe, amma danshi yana narkar da ita, kuma ruwan girki ba ya rasa zuba a gindin murhu. Mai ginin murhu ya nemo laka daga wurin da gishiri bai yi yawa ba, ya kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa ko zaren dabino da kashin jaki ko na raƙumi, ya rufe ta ta kwana kamar bakwai tana ruɓa kafin ya fara. Ciyawar ita ce take riƙe laka kada ta rabu.

Murhun ƙarfe ba ya riƙe ruwa, amma shi ma yana da nasa sharaɗi. Yawanci da tsohuwar gangar ƙarfe ake ƙera shi, kuma a hanyar Libiya gangunan mai ba su da wuya. Maƙeri ya sani cewa gangar da ta taɓa ɗaukar fetur tana iya fashewa in aka sa mata wuta ko guduma tana rufe, sai an buɗe ta an wanke an cika ta da ruwa kafin a yanka. Gangar da ta ɗauki maganin ƙwari kuwa ba ta shiga aikin murhu ko kaɗan. In murhu ya zo gida, wutar farko a fili ake yin ta, ba tukunya a kai, yara suna nesa, har fenti da ragowar mai su ƙone, warin ya ɗauke. Farin kwano irin na rufi, wanda aka shafa wa tutiya, yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi in ya yi zafi, bai dace da murhu ba. Sa'an nan gishiri abokin gabar ƙarfe ne: a ɗora murhu kan duwatsu ko bulo, kada gindinsa ya zauna kan ƙasa mai gishiri, in ba haka ba tsatsa za ta huda shi da wuri.

Masu ƙera akwatin murhu na Turai ma umarnin da suke bayarwa ke nan. Wuta uku ko huɗu na farko ƙanana ne, kowace ta ɗara ta baya kaɗan, ana barin ƙarfe ya huce tsakani, tagogi a buɗe domin warin fentin da ke gasuwa. Bulon da ke shimfiɗe a ciki yana buƙatar fitar da danshinsa kamar yadda lakar Albarka take buƙata.

Awo tsakanin tukunya da murhu

Murhu mai tattalin itace ana yin shi ne domin tukunya ɗaya, shi ya sa na ƙarfe yake da lamba daidai da lambar tukunya. Tukunya ta nutse cikinsa har kusa da kunnuwanta. Tsakaninta da bangon murhu a bar tazara kamar kaurin ɗan yatsa, wajen santimita 1, ko'ina daidai. Ta wannan ƴar hanya zafi yake bi yana shafar cikin tukunya kafin ya fita. In tazarar ta yi faɗi, zafi ya wuce bai taɓa kome ba. In ta matse, hayaƙi ya rasa mafita, wuta ta shaƙe. Tsakanin ƙasan murhu da gindin tukunya kuma a bar wajen faɗin tafin hannu ko ɗan fiye, gwargwadon girman tukunyar. Ƙofar itace kada ta wuce abin da zai karɓi ƙirare biyu ko uku da iskar da za ta bi ta gefensu. Gidan da ke da tukunyar tuwo da ta miya yana bukatar murhu biyu. Ɗora ƙaramar tukunya kan babban murhu komawa ne ga ɓarnar da aka gudo.

Aikin kullum

Abu na farko shi ne bushewar itace. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma sai wuta ta ƙafar da ruwan nan kafin ta ba da zafi. Kilo ɗaya na busasshe yana ba da kusan ninki biyu na zafin kilo ɗaya na ɗanye. A Turai sai itace ya shekara biyu a rumfa kafin ruwansa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, wanda shi ne ƙa'ida. Mutanen Kawar sun huta da wannan jira, ranar hamada tana gama aikin cikin ƴan makonni. Duk da haka zarɓar da aka yanko yau ba ta wutar yau ba ce. Alamar ɗanyen itace ita ce kumfa da ƙara a bakinsa in yana ci.

Na biyu, a faskara itace ƙanana, tsawonsa kada ya wuce kamu ɗaya. Siraran ƙirare biyu ko uku da aka gitta suna ci da harshe mai haske. Babban gungume shi kaɗai hayaƙi yake yi. Ana tura itace ciki kaɗan kaɗan yayin da bakinsa yake ci, ba a cusa murhu har ya toshe.

Na uku, kowane makamashi da halinsa. Zarɓa tana kamawa da sauri, tana ƙarewa da sauri, tana barin toka da yawa, ta dace da tayar da wuta da tafasa ruwa. Gindin zarɓa da itacen ƙaya sun fi daɗewa. Kashin raƙumi yana ci a hankali, ya dace da abincin da ke son ƙaramar wuta, amma yana son iska daga ƙasa, saboda haka a sa shi bayan wuta ta kama sosai, in da hali a kan ɗan ragar ƙarfe. A kwashe toka kowace safiya, a bar kaɗan a shimfiɗe domin ta raba garwashi da sanyin ƙasa. Roba da leda da tsohuwar taya da katakon da aka yi wa fenti ba su shiga murhu, hayaƙinsu guba ne.

Na huɗu, iska. Iskar hunturu tana kwashe zafi daga jikin tukunya, tana cinye itace kamar zugazugin maƙeri. A kafa murhu a gindin bango ko bayan shingen da ke tare arewa maso gabas, nesa da zarɓar shingen yadda tartsatsi ba zai kai ba.

Na biyar ya shafi mai girki. A haɗa kome kafin a kunna wuta: an wanke, an yanka, an daka. A rufe tukunya da murfi. In ta tafasa a janye ƙirare a bar ɗaya, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi kome yawan wutar da aka hura masa, tururi kawai yake ƙaruwa. Wake in ya kwana a ruwa, aka sa masa ƴar kanwa, wadda Kawar ba ta rasa ba, yana nuna da wuri. Shinkafa ko wake da suka tafasa sosai ana iya sauke su a naɗe tukunyar cikin tsohon bargo a sa a kwando, su ƙarasa nuna da zafin jikinsu. In an gama, a tura ragowar itace cikin rairayi ya mutu, gobe ya yi aiki.

Ɗumin ɗaki da haɗarinsa

Akwai gaskiyar da masu yaɗa sabon murhu suka riƙa tsallakewa, ita ce kuma ta fi damun mutanen arewa. Murhun da ke tsare zafi domin tukunya ba ya ba mutane ɗumi da haske kamar duwatsu uku. A watan Janairu iyali suna son wutar da za su kewaye. Daga nan ne ake ɗaukar kaskon garwashi a shiga da shi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, a kwanta.

Garwashin da ke ci a wurin da iska ba ta isa yana fitar da wata iskar guba wadda likitoci suke kira monoksid na karbon. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala da barci mai nauyi, shi ya sa akan ɗauka mura ce ko zazzaɓi. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai gaba ɗaya, a tuhumi kasko. Wanda take kamawa cikin barci ba ya farkawa ya nemi taimako, kuma jarirai da tsofaffi da mata masu ciki su ne take fara kayarwa. Gawayin da ya daina hayaƙi ya yi ja, wanda ake ganin ya zama lafiya, yana ci gaba da fitar da ita. In an sami mutum a wannan hali, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da shi fili nan da nan, a kai shi gidan likita ko da ya farfaɗo. Ban da wannan haɗari na dare ɗaya, akwai na shekaru: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 a shekarar 2020, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya.

Dabarar da ba ta da haɗari ita ce a shigar da zafi a bar wuta a waje. Bayan girkin dare, a sa duwatsu busassu biyu ko uku ko bulo a cikin murhu su sha ragowar zafi, a naɗe su cikin tsumma mai kauri a kai ɗaki. Murhun laka da aka gina a rumfa jikin bangon ɗakin kwana shi ma yana ɗumama bangon. In ba makawa sai an shiga da kasko, a bar taga a buɗe, a fitar da shi kafin kowa ya kwanta.

Ma'aikacin da ya sa aka ƙera masa murhu mai bututu domin ofis ko aji ko ɗakin kwana, ya lura da abu huɗu. Bututu ya zarce saman rufi, kada iska ta mai da hayaƙi ciki. Inda ya ratsa rufi a kewaye shi da laka mai kauri, kada ya taɓa azara ko zarɓa. Kada a toshe ƙofar iskar murhu gaba ɗaya domin wuta ta kwana, gama wutar da ke ci a shaƙe ita ce mai tara baƙin kwalta a cikin bututu, kwaltar nan kuma tana kamawa da wuta. A share bututu kafin kowane hunturu. A Faransa doka ce ta wajabta sharar aƙalla sau ɗaya a shekara.

Awon da kowa zai iya yi

Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci yana da abin da ake bukata domin ya tabbatar da wannan magana da kansa: karatu da lissafi da littafin rubutu. A ari sikeli wurin mai kanti. A auna itace kafin girki, a dafa abincin da aka saba a kan duwatsu uku, a auna abin da ya rage, a rubuta. Kashegari a dafa irin abincin, da yawansa, da tukunyar, a kan sabon murhu. A maimaita sau uku kowanne, domin rana ɗaya ba ta isa shaida. A ɗauki misalin gidan da ke ƙona kilo 6 a yini. In sabon murhu ya rage kashi ɗaya cikin uku, kilo 2 ke nan kullum, kilo 60 a wata, kilo 730 a shekara. A gari mai gida 100, lissafin ya zama tan 73 na zarɓa da itace da taki da suka tsira daga wuta. In awo ya nuna ba ragi, a duba tazarar tukunya da girman ƙofa da yawan itacen da ake cusawa, a nan laifin yakan ɓuya.

Itace ba shi kaɗai ne mafita ba. Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011, iskar gas ta girki ta yaɗu a manyan garuruwa, ana kuma haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren kusa da Cirozerin. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana bincike kan dafa ruwa da abinci da hasken rana, abin da Kawar take samu da yawa. Amma tulun gas sai ya ratsa ɗaruruwan kilomita na rairayi kafin ya iso Segedin, in ya ƙare kuma sai an jira mota. Kafin waɗannan hanyoyi su wadata, tukunyar yawancin gidaje a kan zarɓa da itace za ta ci gaba da zama.

Saboda haka akwai aiki a gaban ma'aikatan gandun daji da malaman yaƙi da jahilci da shugabannin ƙungiyoyin mata. Raba murhu a taro bai wadatar ba. Wanda ya kawo shi ya zauna har a yi wutar farko a gabansa, ya komo bayan mako ɗaya ya duba tsaga, ya koya wa maƙerin gari awon tukunya, ya gaya wa kowane gida maganar kasko da rufaffen ɗaki tun kafin watan Disamba ya kama.